Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Tsaga Fatar Tangaran?

Wasiƙarmu ta gaba daga wata baiwar Allah ce mai ginin tukwane a karkarar Dawakin Tofa. Ta ce ɗanta ya fara gasa kofuna masu fatar gilashi a tanderu, amma da sun huce sai fatar ta yi tsage-tsage kamar bakin fadama da rani. Shin laifin wutar ne?

To Hajiya, sau da yawa ba wutar ba ce. Yumɓu da fatar nan kowanne yana buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce, kuma kowa da nasa gwargwado. Idan fatar ta fi yumɓun tsukewa, sai ta ɗame ta tsage. Idan yumɓun ne ya fi, sai fatar ta riƙa ɓarewa a bakin kofi.

Masana suna auna wannan da na'urar da ake kira dilatomita. Ana sa ɗan guntun sandar abin da za a auna a cikinta, a riƙa ƙara zafi sannu a hankali, tsinken da ke dafe da guntun yana nuna yawan miƙewarsa. Abin kaɗan ne ƙwarai: sandar tangaran mai tsawon mita 1, in aka ƙara mata zafi digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, miƙewarta ba ta kai milimita 1 ba. Sai dai a digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yakan sauya girma farat ɗaya, shi ya sa ba a gaggawar huce tanderu a nan.

Na san ba a samun na'urar a ƙauye. Ɗanki ya tafasa kofin a ruwa, ya tsoma shi a ruwan ƙanƙara, ya maimaita sau uku, sannan ya shafa masa tawada ya goge. Duk wata ɓoyayyar tsaga za ta fito baƙi ƙirin. In ta fito, ya rage kanwa a haɗin fatar idan yana sawa, don gishirin cikinta na sa fata tsukewa da yawa, ya ƙara niƙaƙƙen farin yashi kaɗan-kaɗan, yana gwadawa a kan guntun tangaran ɗaya-ɗaya.

Amma Hajiya, don Allah kada ya kusanci dalmar tsohon batir, ko da an ce masa tana sa sheƙi. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma waɗannan kofuna kunu za a sha da su.