Me Ake Jira Kafin A Saka Wa Mara Lafiya Jini?

Ƙarfe biyun dare a ɗakin haihuwa. Mace ta sauka lafiya, sai jini ya ɓalle mata. Likita ya ce a kawo leda biyu maza-maza. Nas ta ɗebi jininta a 'yar kwalba ta fita da sauri, dangi kuma suna baranda suna ta safa da marwa. Can sai mijin ya kasa haƙuri: "Sista, wai me ake jira ne? Ba an ce akwai jini a firji ba?"

Akwai, malam. Amma bari mu bi waccan 'yar kwalbar mu ga inda ta shiga.

Ɗakin da ake kira bankin jini ke nan. Abu na farko da ma'aikacin ɗakin zai duba ba jinin ba ne, rubutun da ke jikin kwalbar ne. Suna, lambar katin asibiti, ranar haihuwa ko shekaru, da sa hannun wanda ya ɗiba. Idan abu guda ya saɓa da abin da ke kan takardar neman jinin, sai ya mayar, a sake ɗibo wani. Ana jin haushinsa a kan wannan, har a ce ya cika ƙa'ida. To amma ku duba yadda sunayenmu suke. A ɗaki ɗaya sai ka tarar da Hauwa Muhammad biyu, gado na uku da gado na bakwai. Mafi yawan kuskuren ƙarin jini da ke kisa ba daga injin gwaji yake fitowa ba, daga rikita mara lafiya da wani yake fitowa, kamar jinin wata a kwalba mai sunan wata. Shi ya sa doka ita ce a rubuta suna a bakin gadon, a gaban mai jinin, ba sai an koma tebur ba.

Daga nan sai rukuni. A shekarar 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin mutane ba iri ɗaya ba ne, aikin da ya haifar da rukunan A, B, AB da O da muka sani yau. Daga baya aka gano Rh, wato abin da ake nufi idan an ce jininka fozitif ne ko nagetif. Idan aka saka wa mai O jinin A, jikinsa zai far wa baƙin ƙwayoyin ya farfasa su. Ƙoda na iya tsayawa, rai na iya salwanta, kuma ba sai ledar ta ƙare ba.

Sanin rukuni kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa ruwan jinin mara lafiya da ƙwayoyin jinin da ke cikin ledar, a ɗumama su daidai ɗumin jikin mutum, a ga ko za su dunƙule. Wannan gwajin dacewar kan ci kusan awa guda. Ya fi muhimmanci ga masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, da matan da suka sha haihuwa, domin jikinsu kan riga ya koyi faɗa da wasu nau'o'in ƙwayoyin. Idan kuwa rai na hannun Allah ba a iya jira, ana ba da O nagetif ba tare da gwajin ba. Sai dai a ƙasashenmu masu wannan rukuni kaɗan ne ƙwarai, don haka shugaban ɗaki mai hankali kan adana shi saboda yara mata da matan da ke cikin shekarun haihuwa.

Yanzu ga firjin. Wannan ba irin na gida ba ne da ake sa zoɓo da kunun aya. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6. Ya yi ƙasa, ƙwayoyin su daskare su fashe. Ya yi sama, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa. Ledar jini kan yi kwana 35, wata 42, gwargwadon sinadarin da ke cikinta. Ruwan jini ana daskarar da shi ya kai shekara. Su kuwa ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ba sa son firji sam, digiri 20 zuwa 24 suke so, ana jijjiga su a hankali, kuma kwana biyar kawai suke yi.

Duk wanda ya san halin wutar lantarki a nan ya san inda gizo ke saƙar. Takardar da kuke gani manne a ƙofar firjin, a kanta ake rubuta awon sanyi dare da rana. Shugaban bankin jini da bai san ko akwai mai a janareta ba, ko batirin sola zai kai asuba, bai fara aiki ba tukuna.

Kuma kowace leda sai an gwada ta a kan cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ko daga uba ɗaya uwa ɗaya jinin ya fito, sai an gwada.

Ina jinin yake fitowa? Gaskiya yawanci daga dangi, a ce "ku kawo mutum biyu". Wasu kuma su faɗa hannun masu sayar da jininsu a bakin ƙofar asibiti, waɗanda kan ɓoye rashin lafiya ko su bayar kafin jikinsu ya farfaɗo. Wanda ya fi aminci shi ne mai zuwa don Allah yana bayarwa lokaci-lokaci, kamar rabin lita bai cika ba a kowane zuwa. Ƙara yawan irin waɗannan na cikin aikin hukumar jini ta ƙasa da Najeriya ta kafa da doka a 2021. Shi ma shugaban ɗakin da lissafinsa: damina ta zo, yara masu zazzaɓin cizon sauro za su cika asibiti jini ya ƙare musu, azumi ya kama, masu bayarwa za su ragu.

Mu koma wurin maijego. Gwaji ya yi kyau, nas ta sa hannu a rajista ta ɗauki leda ɗaya, ɗayar ta bar ta a firji, domin ledar da ta wuce minti 30 a waje ba a mayar da ita, kuma dole a gama saka ta cikin awa huɗu. A bakin gado ma'aikata biyu suka karanta suna da lamba da rukuni a bayyane. Minti 15 na farko nas ba ta gusa ba, tana duba ko za a ga rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi. Da ta ga ɗaya, rufe ledar za ta yi ta kira likita, a mayar da ragowar jinin bankin jini a bi sawun lambarsa.

Ba a ga komai ba. Ta leƙo baranda ta ce, "Malam, ana saka mata. Idan gari ya waye ka kawo 'yan'uwanka biyu su mayar mana."