Layi a Ƙasa: Yadda Ake Koya wa Mai Cutar Fakinsan Taku

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau a tsakar gida muke tare da Baba, wanda ke fama da cutar Fakinsan, wadda wasu ke ce wa ciwon karkarwa. Baba, sannu da ƙoƙari. Ɗan taho wajena.

Kun ga yadda takun yake gajere, ƙafa na jan ƙasa? To, ga shi ya iso bakin ƙofa ya kafe, kamar an zuba masa danƙo a tafin ƙafa. Don Allah masu jinya, a nan kada a ja shi, kada a ce "Baba yi sauri mana". Ba gardama yake yi ba. Ni da ku ba ma tunanin yadda za mu ɗaga ƙafa, akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da wannan shi kaɗai, kuma da sinadarin dofamin yake aiki. Shi ne cutar ke ragewa. Amma ido na nan lafiya, kuma in ido ya samu abin da zai nufa, saƙon sai ya bi ta wata hanya ya isa ƙafa. Shi ya sa za ku ga wani yana hawa matakala ba wuya, amma shimfiɗaɗɗen fili ya gagare shi. Tun a 1967 wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, Purdon Martin, ya rubuta yadda layukan da aka ja a ƙasa ke gyara tafiyar irin waɗannan marasa lafiya.

Ga salatif mai launi a hannuna. In siminti ne, alli ma ya isa, muddin zai fito sarai. A gicciye ake jan layin, kamar matakan tsani da aka kwantar. Wanda ya bi tsawon hanya ba ya yin aikin, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Tazara kuwa, mu fara da kamu ɗaya, wajen santimita 45, in ya yi masa nisa a rage. Na ja guda takwas, daga ɗaki zuwa hanyar banɗaki, don nan ne ake yawan faɗuwa.

Baba, miƙe sosai. Kalli layin farko, ka tsallake shi, dunduniya ta fara sauka. Yawwa! Na biyu. Madalla. Kun lura na yi shiru da hira? Kada a haɗa masa tafiya da surutu ko riƙe buta, hankalinsa ɗaya muke so.

Yanzu juyawa. Kada ka murɗa a wuri ɗaya, Baba, zagayo kamar mai kewaya turmi. In ƙafa ta sake kafewa, tsaya cak, ka karkata dama, ka karkata hagu, sannan ka nufi layi na gaba.

A naɗe tabarma da darduma daga hanya, a bar silifas mai zamewa. A yi atisayen lokacin da lebodofa, maganin da ake ba masu wannan cuta, ke aiki a jiki, mutum ɗaya na tsaye a gefe, ɗan baya kaɗan. Akwai ma sanda mai haska jan layi a ƙasa don fita waje, likitan gashin ƙashi da motsa jiki zai duba ko ta dace da shi.

Baba, ka huta ko mu ƙara zagaye ɗaya? To, bismillah, layin farko.