Wa ke juya faifan, yatsa ko inji?

Tun da bidiyon nan ya fara yawo, na wani Ba'amurke a garejinsa da shuɗin inji yana zubo harsasai kamar ana ɓarar gyaɗa, tambaya ɗaya ake ta yi mini: wai shi ne "otomatik" ɗin? To ina wayar lantarkin? Babu ita. Ku dubi hannunsa na dama. Shi ke jan mariƙin nan, ƙasa, sama, ƙasa, sama, har kafaɗa ta gaji.

A Amurka doka ta yarda mutum ya tattara kwanson harsashin da ya harba ya sake ɗura shi don amfanin kansa, kuma masu gasar harbi da yawa haka suke yi don rage kashe kuɗi. A Najeriya kuwa haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne, saboda haka mu kallo ya kawo mu.

Ga faifan nan da ake jera kwanso a kai. Wannan injin RL550C ne, na kamfanin Dillon da ke Scottsdale a jihar Arizona, tashoshinsa huɗu. A ta farko ana matse kwanson ya koma girmansa, a sauya masa ɗan maɓallin gindi mai tada wuta. Ta biyu albarushi. Ta uku a ɗora kan harsashin, ta huɗu a ɗame bakin. Ja ɗaya, aiki huɗu a lokaci guda, a kan kwanso huɗu daban-daban. Shi ke nan.

Yanzu ku kalli babban yatsansa na hagu. Kun ga ya ture wannan ƙarfen mai kama da tauraro? Shi ya matsar da kowane kwanso zuwa tasha ta gaba. Wannan shi ake kira juyi da hannu. Ga kuma ƙaninsa, XL750, wanda ya gaji XL650 a 2019. Ba wanda ya taɓa faifan, amma ana sakin mariƙi ya juya da kansa. Iyakar otomatik ɗin ke nan. Kamar keken ɗinki ne: tela ke taka feda, haƙoran ƙasa ke jan yadi.

To me ya sa masu abin suke ta musu a kan ɗan juyin nan shekara da shekaru? Mu koma tasha ta biyu, mu tsaya a nan.

Wannan kwalbar da ke sama ita ce ma'aunin albarushi. Ba ta da ido, ba ta da tunani. Duk kwanson da ya hau ya tokare ta, sai ta zuba masa awo ɗaya. Ba ruwanta da ko ta ba shi ɗazu. A ce mutumin namu ya ja mariƙi, albarushi ya zuba, sai waya ta yi ƙara, ko maɓallin gindi ya maƙale ya tsaya gyara. Ya dawo, ya manta bai ture tauraron ba, ya sake ja. Kwanso ɗaya, awo biyu. Mai miya in ta zuba gishiri sau biyu harshe zai gaya mata. Wannan kuwa sai ranar harbi, kuma yana iya tsaga bindigar a hannun mai ita.

Za ku ce ai zai cika ya zube, a gani. A kwanson bindiga doguwa irin .223, galibi haka ne, don awo ɗaya ma ya kusa kai wuya. Amma ku leƙa cikin wannan, kwanson ƙaramar bindiga irin .38 Special. An ƙera shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 don baƙin albarushin da, mai cin wuri. Na zamani ɗan kaɗan ne a can ƙasa, kamar ragowar shayi a kofi. Awo biyu zai zauna lafiya lau, kan harsashi ya rufe, ba mai sani.

Masu kare RL550C suna da hujjarsu: in ba ka juya ba, za ka kai hannu da sabon kwanso ka tarar da wurin a cike, dole ka farga. Gaskiya ne, muddin kana cikin kiɗan aikin. Matsalar tana zuwa ne daidai lokacin da kiɗan ya katse.

Mai juya kansa ya toshe wannan ƙofar, domin kwanson ya riga ya bar ƙarƙashin ma'auni kafin ja na gaba. Sai dai shi ma da nasa halin. Ba ya jira. In wani abu ya cije, aka yi rabin ja, ko aka cire kwanso aka mayar a tashar da ba tasa ba, kwanson zai iya wucewa wayam, ba albarushi. Maɓallin gindi kaɗai yana da ƙarfin tura kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututun bindiga, na biyu ya zo ya same shi a can. Sannan ga fizgar juyin, duba yadda albarushi ke tsalle daga gajeren kwanson 9mm. Shi ya sa Hornady na jihar Nebraska suka raba juyin injinsu Lock-N-Load AP gida biyu, rabi in faifai zai hau, rabi in zai sauka.

Ni dai in aka tambaye ni, abin da ya fi burge ni a XL750 tasharsa ta biyar ce, ba juyin ba. Wannan ƙarin gurbin ya ba da damar a sa 'yar na'ura mai leƙa cikin kowane kwanso bayan ma'auni, ta yi ƙara in ta ga babu komai ko ta ga ya yi yawa. A mai tasha huɗu wurin ya yi kaɗan, shi ya sa za ku ga masu shi sun ɗaura ƙaramar fitila a kai. Ku lura da mutumin namu kafin ya ɗora kan harsashi. Kun ga ya ɗan sunkuya? Bari mu sake sa wurin a hankali.