Amsoshin Tambayoyinku: Daga Reza Mai Hannu Zuwa Aska

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani bawan Allah a Zariya. Ya ce ya daɗe yana gyara gemunsa da kansa da reza mai hannu, irin wadda masu aski ke karya reza gida biyu su ɗura mata rabi. Yanzu ransa ya biya ga aska ta gaske, wadda ake wasawa, ta naɗe cikin mariƙinta. Yana tambaya ko hannun da ya saba da waccan zai iya da wannan, kuma me ya kamata ya tanada.

To Malam, hannunka zai iya, har ma ka ji sauƙi. Rabin reza gajere ne, siriri, ga kusurwoyi masu cizo da zarar hannu ya ɗan karkace. Aska kuwa bakinta ya kai kusan santimita 7, kuma tana da nauyi. Nauyin nan shi ke yin aikin, kada ka danna. Ka ja fata da ɗaya hannun kamar yadda ka saba, ka kwantar da askar a kumatu, ka ɗaga bayanta kaɗan, kada ya wuce digiri 30. Tsawonta zai ba ka wuya a ƙarƙashin hanci da haɓa, don haka a makonnin farko ka tsaya a kumatu, sauran ka ƙarasa da tsohuwar rezarka. Idan za ka saya, nemi mai faɗin 5/8 na inci, mai zagayayyen kai.

Inda aikin yake shi ne kula da bakin. Da, in reza ta dakushe, yar da ita kake yi. Yanzu kaifin a wuyanka yake. Kafin kowane aski sai ka goga askar a jikin wata doguwar jemammiyar fatar dabba. Ka ɗaure fatar a ƙusa ko mariƙin ƙofa, ka ja ta ta miƙe sosai, ka kwantar da askar baki da baya duk suna taɓa fatar, ka ja ta bayanta ne a gaba, bakin na biye. In ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan bayanta, ka dawo. Wanda ya juya a kan baki ya yanka fatar, ya kuma lanƙwasa kaifin. Zuwa da dawowa kamar sau 30 zuwa 50 ya isa, a hankali. Sai dai fata miƙar da bakin take yi kawai. Ran da ka ji askar na fizgar gashi duk da ka goga, lokacin dutse ya yi. Masu wannan sana'a kan fara da dutsen wasawa mai lamba 1,000 don gyara bakin, su bi da 4,000 da 8,000, wasu har 12,000; yawan lambar, yawan laushin dutsen. A kan dutse, bakin ne ke gaba. Ina roƙonka, kada ka kai ta wurin mai wasa wuƙaƙen mahauta da injin, zafin injin zai lalata ƙarfen.

Sannan tsatsa. Yawancin askake masu kyau ƙarfensu na kama tsatsa da wuri, musamman da damina. Ka wanke, ka tsane ta tas har wajen mahaɗar mariƙin, ka shafa ɗigon man keken ɗinki, kada ka bar ta a banɗaki.

Batun saye kuwa, garin Solingen na Jamus ya yi suna a wannan fanni, can kamfanin Dovo yake tun 1906, akwai kuma Thiers-Issard a Faransa. Masu arha na intanet da yawa ba sa riƙe kaifi. Ni dai a ganina, kafin ka kashe kuɗi, ka je ka zauna da wani dattijon wanzami a unguwarku, ka ga yadda yake fito da aska daga zabira ya wasa ta. Abin da idonka zai ɗauka a wannan zama, rediyo ba zai ba ka ba.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai shagon aski ce a Maraɗi, yana tambaya ko ya koma amfani da aska ga masu zuwa shagonsa don rage kuɗin reza. Maigida, kada ka yi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7, kuma ɗan jinin da ido bai gani ba ya isa ya ɗauke ta. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Ka ci gaba da ɓare sabuwar reza a gaban kowane mutum. Wanda ke son aska, ya zo da tasa. Kai ma ɗan'uwa na Zariya, askarka taka ce kai kaɗai, ko ƙaninka ne ya zo aro ka ba shi haƙuri.

Sai wani matashi daga Kumasi da ke cewa ƙuraje na feso masa a wuya bayan aski, ko aska za ta raba shi da su. Ba lallai ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an yanke shi ƙasa sosai sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ka sa kumfa sosai, ka bi kwanciyar gashin sau ɗaya, kada ka yi masa gaba da gaba. Bayan ka gama, ka shafa alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta, sannan ka ɗauraye. In ƙurajen sun fara ruwa ko suna barin tabo mai tudu, ka dakatar da askin ka ga likitan fata.