Lacca: Yadda Allon Metasafes Ke Kawar da Amon Rada

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa ɗaliban injiniyan lantarki a Bauchi.

Assalamu alaikum. Ɗalibai, ku fara riƙe wannan: allon da za mu yi magana a kai ba shanye igiyar rada yake yi ba, karkatar da ita yake yi. Rada ita ce na'urar da ke gano abu ta hanyar aika igiyar rediyo ta kama amon da ya dawo.

Tsohuwar dabara, ta shanye igiyar, ita ce labulen Salisbury, wato falle mai turjiyar lantarki ta om 377 da ake dasawa rubu'in tsawon igiya daga farantin ƙarfe. A gigahaz 10 tsawon igiya santimita 3 ne, tazarar ke nan milimita 7.5. Rada na sauya mita, wato yawan kaɗawar igiya da ake aunawa da gigahaz, aikin ya lalace.

Shi metasafes allon saket ne mai jan ƙarfe a baya, gabansa kuma ƙananan zane-zane iri biyu, an jera su gida-gida kamar allon dara. Igiyar da ta dawo daga gida ɗaya tana saɓa wa ta maƙwabcinsa da digiri 180, tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, su kashe juna ta fuskar rada. Ba lallai sai 180 cif ba. Muddin saɓanin na tsakanin 143 da 217, amon zai ragu da desibel 10, wato ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin goma. Duk wahalar zanen a nan take: riƙe saɓanin cikin wannan iyaka tun daga gigahaz 8 har 12, ko fiye. Allo mai kauri, ko barin iska tsakaninsa da ƙarfen baya, yana faɗaɗa zangon, amma nauyi ko girma zai ƙaru.

To, ina ake tuntuɓe? Kwamfuta tana lissafi ne a kan cewa kowane zane yana tsakiyar ire-irensa, don haka kowane gida ya ƙunshi zane da yawa, misali huɗu sau huɗu. In kun rage, awo zai saɓa wa lissafi. Allon FR4, wato allon saket na gama-gari, yana da araha, amma halinsa yakan bambanta daga wannan falle zuwa wancan. Ku auna naku kafin ku zana. In sinadarin da ke fitar da zanen ya ci gefen jan ƙarfe fiye da kima, mitar za ta gusa.

Wajen awo, allo mai faɗin santimita 30 yana buƙatar nisan mita 6 daga eriya a gigahaz 10, a kwatanta shi da farantin ƙarfe mai girmansa.

Ƙarfin igiyar kuwa bai ɓace ba. Ya rabu kashi huɗu ta kusurwoyi, kuma radar da mai karɓarta ke wani wuri dabam tana iya kama shi. Shi ya sa a 2014 Cui Tie Jun na Nanjing da abokan aikinsa suka laƙaba wa gidajen lambar 0 da 1, ana jera su yadda amon zai watsu ta fuskoki da yawa.