Kafin Ka Sayi Gida a Cikin Birnin Kano

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan lungun da kuke gani a cikin birnin Kano yake, kusa da kasuwar Kurmi. Ku dubi faɗinsa. In mai kurar ruwa ya shigo, sai kowa ya raɓe da bango ya ba shi hanya. Mota ba ta shiga nan, amma da an ce za a sayar da gida, kafin Azahar masu tayawa sun hallara.

Dalilin a fili yake. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara ginin ganuwa, kasuwar Kurmi kuwa ta kafu a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Garin da aka gina don mai ƙafa da mai jaki ne, shi ya sa komai ke kusa. Mutumin Yakasai da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a, da ƙafa yake zuwa Asibitin Murtala, ranar hawan Sallah ma ba ya neman kuɗin adaidaita sahu. Yaro ya fita makarantar allo, duk lungun an san ɗan wane ne.

To, kai da ka yi niyyar saye, kafin ka tambayi farashi, fara tambayar gidan na wane ne. Yawancin gidajen nan na gado ne, wasu tun kaka da kakanni ba a taɓa sayar da su ba. Dillali zai kawo maka mutum ɗaya, ya ce ai shi ne babba a gidan, maganarsa ake ji. Kada wannan ya ishe ka. Wataƙila akwai ƙanwarsu da ke aure a Zariya, ko marayun ɗan'uwansu da ya rasu bayan mahaifinsu, kuma kowa da kasonsa. Nemi takardar kotun shari'a da ta raba gadon. In ba a raba ba, to kowane magaji ya sa hannu, ko ya wakilta wani a rubuce.

Akwai kuma shuf'a, wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai ta faɗo musu. A mazhabar Malikiyya, idan abokin tarayya ya sayar wa bare kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayyar suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason. Maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da wannan haƙƙin, tarayya ce ke ba da shi. Kana iya biya, har ka fara gyara, sammaci ya iske ka.

Saboda haka ka je wurin mai unguwa da kanka, ba tare da dillali ba. Ka gaida shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, gidan wane nake son saye, ko akwai magana a kansa?" Ka yi wa limamin masallacin lungun irin wannan tambayar. Su ne suka san gidan da aka jinginar, da wanda aka yi waƙafinsa, da wanda rigimar iyaka ta daɗe a kansa.

Batun takarda kuma, gidaje da dama a cikin birni abin da suke da shi takardar ciniki ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, don haka gidan da ke da satifiket na mallaka sai da amincewar gwamna ake sauya masa suna. Ka ɗauki lauya ya bincika maka a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ko lambar da ke jikin takardar ta wannan gidan ce, da kuma sunan wanda ke kanta.

Yanzu mu shiga ciki. Ni dai shawarata, a watan Agusta ake duba gidan ƙasa, lokacin da damina ta kankama. Durƙusa ka taɓa gindin bango. In ka ji danshi, ko ka ga ƙasa na zubowa kamar gari, ruwa na cin ginin ta ƙasa. Ɗaga kai ka dubi azara, ka ƙwanƙwasa ta, domin gara tana cinye cikinta ta bar bayan lafiya ƙalau. Hau soro ka ga ko indararo na zubar da ruwa waje ko a jikin bango yake tsiyaya. Bangon ƙasar da aka shafe da siminti kuwa, kada kyansa ya ruɗe ka: ruwa na maƙalewa tsakanin siminti da ƙasa, wata rana shafen ya ɓalle gaba ɗaya. Ka tambayi dattawan lungun ko wurin kududdufi ne da aka cike, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai.

Mai niyyar rushewa ya sake gini, ya san cewa sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabci, in ya taɓa ta ɗakin wani ya taɓa. Tifa ba ta shiga lungu, a bakin titi za a juye yashi a riƙa kwasa da baro, kuma kowane sawu kuɗi ne. Ga izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. In bene za ka ɗora, kada tagarka ta leƙa tsakar gidan mutane.

Amma don Allah, in ka tarar da zaure mai bakan gizo yana tsaye lafiya, ka bar shi. Shiga ciki da rana tsaka a watan Afrilu ka ji sanyinsa, sannan ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano ka gwada. Maginan da suka iya irin wannan aikin kullum raguwa suke yi, wanda aka rushe da wuya ya dawo.

La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi ciniki. Kuɗi kuma ta banki, a gaban shaidu, bayan kowa ya sa hannu. Kafin ranar biya, ka koma lungun sau biyu kai kaɗai: bayan sallar Isha'i, ka ga su wa ke zama a bakin ƙofar, sai kuma da safe bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda kwata ta bi.