Me Ya Sa Kofi Ke Suɓuce Masa? Otizim da Motsin Jikin Yara

Kun taɓa sunkuyawa ku ɗauki buta kuna zaton cike take, ashe ko ɗigo babu a ciki? Sai ku ga hannu ya yi sama fiye da yadda kuka nufa. Tun kafin yatsunku su taɓa butar, ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙiyasta nauyinta, ta aika wa hannu ƙarfin da take ganin zai isa. In kun sake ɗauka, ba za ku maimaita kuskuren ba, ta gyara lissafinta. Haka ma in kuna tsaye cikin bas ɗin BRT daga Oshodi zuwa Abule Egba a Legas, direba ya fara taka birki: ƙafafunku sun kafe tun ba ku yi tunani ba.

To, ku riƙe wannan a zuciya, mu leƙa wani tsakar gida a Agege. Yaro ne ɗan shekara biyar, an ce yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ya kama maɓallin rigarsa, ya kai shi bakin rami, ya zame. Ya sake, ya zame. In an jefo masa ƙwallo, sai ta bugi ƙirjinsa kafin hannuwansa su haɗu. Tafiyarsa a kan yatsun ƙafa. Kakarsa ta gaji ta ce, "Kai dai ɗan nan ka cika ganganci." Ba ganganci ba ne, Hajiya. Wancan lissafin na buta ne yake zo masa da wuya.

Yawanci in ana maganar otizim, magana ake duba, da haɗa ido, da cuɗanya da mutane. Motsin jiki sai a bar shi baya, alhali tun 1943, lokacin da likita Leo Kanner ya fara bayyana lalurar a jikin yara 11 a Amurka, ya lura wasunsu ba su da saiti wajen tafiya. A 2020, wani bincike da Anjana Bhat ta yi kan bayanan dubban yara masu otizim ya nuna kusan 87 cikin 100 suna da alamun matsalar motsi. Wannan ba ƙaramin kaso ba ne.

Ku ɗora tafin hannu a ƙeyarku. A ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare da ake ce wa ƙaramar ƙwaƙwalwa. Girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na duka ƙwaƙwalwar ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar da ke cikin kai a nan suke cunkushe. Aikinta kwatantawa: ga abin da aka so hannu ya yi, ga abin da ya yi, ga gyaran da za a yi nan gaba. A 1985, Margaret Bauman da Thomas Kemper suka duba ƙwaƙwalwar wani mai otizim bayan rasuwarsa, suka tarar manyan ƙwayoyin da ake kira Purkinje sun yi ƙaranci a wannan wuri. Shekara uku bayan nan, Eric Courchesne ya yi amfani da hoton cikin kai na na'urar MRI, ya ga wani yanki na tsakiyarta ya fi ƙanƙanta a wasu masu lalurar. Akwai kuma bambance-bambance da aka gani a gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin dama da na hagu, wadda ake buƙata duk lokacin da hannu biyu za su yi aiki tare, kamar saka maɓalli ko ɗaure igiyar takalmi.

Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Stewart Mostofsky da Reza Shadmehr da abokan aikinsu suka fitar a 2009 a birnin Baltimo. Sun ba yara masu otizim da marasa ita wani mariƙi na inji, suna tura shi a wasan kwamfuta, injin kuma yana karkatar musu da hannu. Kowane yaro ya koyi gyarawa. Bambancin yana wajen abin da suka dogara da shi. Masu otizim sun fi jingina da abin da gaɓɓansu ke ji daga ciki, sun rage dogaro da abin da ido ke gani. Kuma gwargwadon wannan jingina, gwargwadon wahalar da yaro ke sha wajen kwaikwayon mutane.

Kun ga inda maganar ta dosa. Mu a gidajenmu da "kalle ni ka yi" muke koyarwa: alwala, cin tuwo, riƙe alƙalami a islamiyya. Yaron da idonsa bai cika ba shi darasi ba, ko sau ɗari aka nuna masa, yana iya kasawa. Inna, gwada zama a bayansa, ki ɗora hannunki a kan nasa, ku tura maɓallin tare. Fara da babban maɓalli, rigar tana kan cinyarsa, ba a jikinsa ba. Ki maimaita har jikinsa ya haddace, sannan ki riƙa janye hannunki kaɗan-kaɗan.

Sai dai a kiyaye. Waɗannan bambance-bambancen ana ganinsu ne in an tara yara da yawa an kwatanta. Babu hoton ƙwaƙwalwa da zai ce wannan yaron yana da otizim, don haka kada a sa ku kashe kuɗin da ba ku da shi a kan haka. Ba kuma kowane yaro mai yawan tuntuɓe ne ke da lalurar ba. Likita yana ganewa ne ta hanyar kallon yaro da sauraron iyayensa.

A nan Legas, asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, gab da unguwar Hausawa. Akwai LASUTH a Ikeja, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda sashensa na yara yake Oshodi. In kun je, kada ku tsaya kan rashin magana kawai. Ku faɗi wata nawa ya yi kafin ya zauna, yaushe ya fara tafiya, yadda yake riƙe cokali. Ku ɗauki ɗan bidiyonsa a waya yana hawa matakala ko yana cin abinci, ku nuna wa likita, ku kuma tambaya ko za a haɗa ku da sashen gashin ƙashi da masu koya wa yara amfani da hannu.